Daga Tafkin Kwatto zuwa Giginya: Doki, Ganuwa da Sahun Maharba a Tarihin Yaƙin Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Ran 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1903 sojan Ingilishi suka shiga birnin Kano. Ran 15 ga Maris na wannan shekara kuma suka watsa rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Tsakanin waɗannan ranaku biyu kwana 40 ne daidai. Watau daular da aka yi kusan shekara 100 ana ginin ta, wadda ikonta ya miƙe tun daga Dori a yamma har Adamawa a gabas, manyan biranenta biyu sun faɗi cikin kwanakin da ba su isa ayarin goro ya tashi daga Kano ya sauka Gwanja ba. Rundunar da ta yi wannan aiki kuwa, ko a Kano ko a Sakkwato, ba ta cika soja 1,000 ba, kuma in aka ɗebe hafsoshi 'yan kaɗan, sauran duk baƙar fata ne, galibinsu Hausawa da Yarabawa.

Amsar da aka saba bayarwa in an tambayi dalilin wannan ita ce, Turawa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa, mutanen ƙasa kuwa sai mashi da takobi da kibiya. Lalle wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta ƙare zance ba, gama shekara 3 bayan Giginya waɗansu talakawa masu gatari da fartanya sun karya sojan nan masu bindiga a Satiru, abin da barade dubbai suka kasa yi. Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun waɗansu manyan yaƙe-yaƙe na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, a nuna cewa abin da ya karya dawakin Sakkwato a 1903 shi ne ya karya dawakin Gobir a 1804, watau sahun dakaru maharba waɗanda suka tsaya wuri ɗaya suka ƙi watsewa. Sa'an nan a bincika abin da ya sa jikokin waɗanda suka ci nasara da wannan dabara suka wayi gari da ita aka ci su.

Doki da ganuwa

Tun kafin jihadi da ƙarni huɗu ko biyar, yaƙin ƙasar Hausa a kan abu biyu ya dogara, ganuwa domin tsaro, doki domin kai hari. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Gijimasu, wanda bisa lissafin da aka saba bi ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta. A ƙasar Zazzau da kewayenta har yau ana kiran kufan ganuwowi da dama ganuwar Amina. A yamma kuwa, Kanta na Kabi, wanda ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1516 a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kewaye birninsa Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan a Jihar Sakkwato.

Hikimar ganuwar Bahaushe ita ce ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta Kano ta haɗa da Dala da Goron Dutse, da gonaki da kududdufai da makiyaya, domin in abokan gaba sun zo mutanen ƙauyuka su shigo da iyalinsu da dabbobinsu. Saboda haka wanda ya kafa sansani a waje shi yunwa ta kan fara kamawa, ga shi kuma mayaƙansa manoma ne, da hadari ya fara haɗuwa hankalinsu ya koma gona. Shi ya sa yaƙi ya zama aikin rani, birni kuma ba ya cika faɗuwa ba sai in an ci amanarsa daga ciki ko mutanensa sun rarrabu.

Game da doki, littafin nan ya ce Kanajeji (1390 zuwa 1410) shi ne sarkin da ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a yaƙinsa da Umbatu. Lifidi riga ce mai kauri wadda aka cusa wa auduga, ana sa wa doki da mahayinsa, amfaninta kuwa ta tsare kibiya mai dafi. Wannan ya nuna tun a wancan zamani babban abin tsoron mahayi shi ne ɗan baka. Littafin ya kuma ce Kanajeji yana aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. A nan ne tushen al'amarin yake. Dokin yaƙi mai kyau daga Barno ko Azbin ake kawo shi, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma yana bukatar dawa da harawa da mai yankan ciyawa da zagi. Da doki ake kamo bayi, da bayi ake sayen doki, bayin kuma su ke noma abin da zai ci. Ta haka doki ya zama alamar sarauta kanta, har manyan muƙamai suka ɗauki sunansa, kamar Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Dawaki. Talaka kuwa shi ne dakare, da bakansa da kwarinsa, aikinsa ya buɗe faɗa da harbi, sa'an nan ya kauce barade su yi sukuwa su gama.

Tafkin Kwatto

A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Ran 21 ga Yuni na wannan shekara jama'arsa suka gamu da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a bakin Tafkin Kwatto, ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, yana jagorancinsu. Yunfa ya zo da abin da sarkin Hausa ke taƙama da shi duka, 'yan lifidi da 'yan sulke da mayaƙan Azbinawa. Jama'a kuwa dawakinsu wajen 20 ne kurum. Malamai ne da almajirai da makiyaya da manoma, makaminsu baka da kibiya.

Da aka ja daga, dawakin Gobir suka tura kaifin dama da na hagu na jama'a har suka haɗe da tsakiya. A al'adar yaƙin wancan zamani, in an kai nan dakaru sai su watse, barade su bi su da mashi, gama doki bai cika kashe mutum ba sai wanda ya ba shi baya. Amma jama'a ba su watse ba. Matsin da aka yi musu sai ya dunƙule su wuri ɗaya, suka yi ta sakin kibau ta kowane gefe har dawaki suka juya. Yunfa ya tsere ya bar tambura da kayan sarauta da dawaki a fagen fama. Malam Abdullahi, a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya kwatanta wannan rana da ranar Badar.

Abin lura shi ne, abin da ya tsai da sahun nan ba horon soja ba ne irin na bariki. Imani ne, da sanin cewa iyalinsu na Gudu a bayansu, babu kuma wurin gudu. Da wannan riƙo ya yi sako-sako sai labari ya sake. A Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen 1804, Gobirawa da Azbinawa suka auka wa jama'a alhali yunwa ta warwatsa da yawansu neman abinci, aka kashe wajen mutum 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa kuma, a ƙarshen 1805, bayan an yi saɓani tsakanin shugabanni a kan a fita a tari abokan gaba ko a jira su a gida, aka bi ra'ayin Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo aka fita fili, aka karya jama'a, suka rasa wajen mutum 1,000. Amma da waɗanda suka tsira suka koma Gwandu, garin da a lokacin ko ganuwa ba shi da ita, suka tsaya a kan tuddai masu duwatsu inda doki da raƙumi ba su iya sukuwa, sai 'yan baka suka sake korar rundunar da ta ci su kwanaki kaɗan da suka wuce. Waɗannan yaƙe-yaƙe huɗu magana ɗaya suke faɗi: in maharba sun tsaya a dunƙule a wurin da ya dace da su, doki ba shi da abin yi, in sun warwatsu a fili, sun zama abincin mashi.

Masu nasara sun hau doki

Sai dai sahun maharba tsaro ya iya. Ba ya bin wanda ya gudu, ba ya kai hari nesa, ba ya kuma riƙe ƙasa mai faɗi. Domin haka tun daga dawakin da aka samu ganima a Tafkin Kwatto jama'a suka fara tara nasu barade. Bayan Alwasa aka yi wa Gwandu ganuwa. A watan Oktoba na 1808 aka ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa, a 1809 kuma Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato ya kewaye ta. Sa'ad da ya zama Sarkin Musulmi a 1817, sai ya shiga kafa ribaɗi a kan iyakoki, watau garuruwa masu ganuwa irin su Wurno, inda shi kansa ya zauna har ya rasu a 1837. Ya kuma kira makiyaya su zauna cikin waɗannan garuruwa, su rage kiwon shanu su ƙara na dawaki da raƙuma. A Gawakuke, a 1836, Bello ya karya taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, Ibra shugaban Azbinawa ya tsere. Rundunar da ta yi wannan nasara runduna ce ta daula, mai tutoci da barade da 'yan lifidi, ta fi kama da ta Yunfa bisa ga wadda ta kore shi. Sa'ad da Barth, Bajamushen matafiyin nan, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ƙasar Kano kaɗai tana iya fid da doki 7,000 da dakaru fiye da 20,000.

Tare da doki aka gaji iyakarsa. Inda duwatsu suke, kamar Ningi da Abuja da tsaunukan Jos, daula ba ta iya shimfiɗa iko ba. Inda kurmi da ƙudan tsando suke, doki mutuwa ya kan yi, kuma a Oshogbo, wajen 1840, mayaƙan Ibadan suka auka wa sansanin Ilori da dare, lokacin da doki ba shi da amfani, suka tsai da ci gabanta zuwa kudu. Aka kuma gaji tsarin tara runduna na da. Babu soja na dindindin mai albashi wanda ake horarwa kullum. In yaƙi ya taso Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna, sarki ya aika wa hakimai, kowane hakimi ya zo da barorinsa da talakawansa ƙarƙashin tutarsa, kowa kuma yana neman a ga bajintarsa shi kaɗai.

Kyaftin Clapperton, Baturen Ingila, ya ga wannan runduna da idonsa a 1826, sa'ad da Bello ya kai wa garin Konya na Gobirawa yaƙi. Ya ga mutane dubun dubbai, amma bindigoginsu ba su kai 50 ba. Ya ga 'yan lifidi waɗanda sai an taimaka musu kafin su hau saboda nauyin kaya, ya kuma ga bindiga guda ɗaya daga cikin garin ta kā da na gabansu. Aka wuni ana faɗa, ba a ci garin ba.

Bindiga

Ba za a ce ƙasashen nan ba su san bindiga ba. A Tondibi, kusa da Gao, a watan Maris na 1591, Judar Basha da sojan Maroko 'yan dubbai kaɗan masu bindiga sun karya babbar rundunar Askiya Isiyaku na Biyu, daular Songhai ta rushe. A wannan ƙarni kuma Mai Idirisu Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa ya rubuta. A Kano, an kawo bindigogi zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), Babba Zaki (1768 zuwa 1776) kuma shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

To, me ya hana ta yaɗuwa? Dalili na farko shi ne bindigar wancan zamani ba ta fi baka da wani abin kirki ba. Kafin a ɗura mata albarushi a harba sau ɗaya, ɗan baka ya saki kibau da dama. In ruwa ya taɓa albarushi ya lalace, bindigar kuma ta kan fashe a hannun mai ita, ga shi sai an kawo ta daga bakin teku ta hannun Nufawa da Yarabawa, ko a ƙetaro hamada da ita. Saboda haka sarkin da ya fifita doki da kibiya a 1800 bai yi wauta ba. Dalili na biyu ya fi zurfi. Bindiga makamin dakare ce, kuma ba ta amfani sai a hannun mutane masu yawa waɗanda aka koya wa harbi tare da bin umurnin mutum ɗaya. Wanda ya kafa irin wannan runduna ya rage darajar hakimai masu dawaki, waɗanda su ne ginshiƙin mulki. Shi ya sa ko da bindigogi suka yawaita a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, a Nufe zamanin Masaba, da Zazzau da Kano, sai aka danƙa su ga bayin sarki, suka zama abin ƙarfafa fada a kan hakimai, tsarin fagen fama kuwa bai sake ba. A Damagaram, Sarki Tanimu ya kai ga sa maƙera su zuba igwa a Zinder, amma ita ma rundunarsa a kan doki ta dogara.

Wanda ya nuna abin da sabon tsari zai iya shi ne Rabe, wanda ya fito daga Sudan da soja na dindindin, rarrabe cikin tutoci, ana yi musu faretin horo, suna harbi bisa umurni. Da 'yan dubbai kaɗan ya karya Barno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900, ranar da shugabansu Lamy shi ma ya mutu. Amma a wannan lokaci bindiga kanta ta riga ta sake. An sami mai cin harsashi ta baya, wadda ke kai wa nesa inda kibiya ba ta zuwa, a 1884 kuma Hiram Maxim ya ƙera bindiga mai ruwa, mai aman harsashi wajen 500 zuwa 600 a minti ɗaya. Daɗin daɗawa, a taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka hana sayar da irin waɗannan bindigogi a mafi yawan ƙasashen baƙar fata na Afirka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ranar tafiya ta zo, kasuwar gora kuma an rufe ta.

Kwana arba'in

Dabarar sojan Turawa a fili guda ɗaya ce. Su kan jera sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe yana fuskantar waje, 'yan alaro da kaya a tsakiya, bindigogi masu ruwa a kusurwoyi, ba mai harbi sai an ba da umurni. Wannan ita ce dunƙulewar Tafkin Kwatto, sai dai an mai da ita sana'a, an kuma sa harsashi a madadin kibiya. Su ma sojan talakawa ne, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, gama tun 1863 Glover ya fara ɗaukar Hausawa soja a Ikko, har aka kai su yaƙin Asante a 1873. A Bida, a watan Janairu na 1897, sojan Kamfanin Neja wajen 500 suka tsaya cikin irin wannan sahu, dawakin Nufe suka yi ta sukuwa a kansu kwana biyu ba su taɓa shi ba, waɗanda aka kashe wa kamfani kuwa ba su kai 10 ba. A Omdurman ta Sudan, ran 2 ga Satumba 1898, Kitchener ya kashe fiye da mutum 10,000 na rundunar Halifa Abdullahi, shi kuwa bai rasa 50 ba.

Ganuwa ita ma ranarta ta zo. Kanar Morland ya tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903 da soja fiye da 700, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ganuwar Kano, wadda kewayenta ya kai mil 11, ta jure harbin igwa, gama kaurin ƙasarta ya shanye harsashi. Amma ƙyauren ƙofa itace ne. Da suka kasa a ƙofar da suka fara gwadawa, sai suka zaga Kabuga suka fasa ta, suka shiga. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan baradensa, Sarkin Shanu ne ya tsaya a gidan sarki da 'yan mutanensa har aka kashe shi. A kan hanyar komowa Alu ya rabu da rundunarsa ya nufi arewa, Wambai Abbas ya janye da kashi ɗaya ya nemi sulhu, Waziri Ahmadu kuwa ya ci gaba da sauran. A Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairu, suka gamu da Laftana Wright da soja 45 kurum, waɗanda suka kafa sahunsu. Baraden Kano suka yi ta kai sukuwa suna komowa har wajen sa'a biyu, sahun bai fashe ba. A wannan faɗa Waziri Ahmadu ya yi shahada.

A Sakkwato an yi shawara uku, ko sulhu, ko yaƙi, ko hijira. Aka tsaya a kan yaƙi, aka kuma fito bayan gari aka ja daga a Giginya, Sarkin Musulmi a tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Raɓa Ibrahim a kaifi biyu. Tun kafin dawaki su kai inda za su fara sukuwa, igwa da bindiga mai ruwa sun same su. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama. Waɗanda suka tsaya su ne 'yan tsirarun da ke riƙe da tuta, aka kashe su a gindinta ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda zai karanta labarin Kwatarkwashi da Giginya ya ce ƙarancin zuciya ne ya kā da daula. Abin da ya faru shi ne, bajintar da barde ya sani, watau ya zaburi doki ya tunkari abokin gaba ido da ido da rana tsaka, ita ce ainihin abin da sahun nan ke jira.

Burmi da Satiru

Wurare biyu ne aka ba sojan Ingilishi wuya ƙwarai, kuma a dukansu ba doki ne ya yi aikin ba. Bayan Giginya Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, talakawa dubbai suka bar gonakinsu suka bi shi. Ran 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sword ya kai wa Burmi hari, a kusa da kogin Gongola. Mutanen garin suka tsaya bayan ganuwa da ramuka suna harbi da kibiya, aka wuni, Sword ya ja da baya zuwa Bauchi da masu rauni da yawa. Sai ran 27 ga Yuli aka komo da runduna mafi girma, aka yi faɗa tun da hantsi har faɗuwar rana. Kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, shugaban sojan, a ɗaya ɓangaren kuma Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu ke amsa sunansa.

Satiru ƙauye ne wajen mil 14 kudu da Sakkwato, mazaunin talakawa da bayi gudaddu masu jiran Mahadi, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, wanda ya ƙetaro daga ƙasar da Faransa ke mulki. Ran 14 ga Fabrairu 1906 Hillary, mai riƙon muƙamin Razdan, ya tafi kama shugabanninsu da rukunin soja masu hawa. Ya wuce gaba domin ya yi magana da su, Laftana Blackwood ya motsa sahu domin ya kāre shi, bindiga mai ruwa kuma tana baya ba a kafa ta ba. A wannan ɗan lokaci Satirawa suka auka musu da gatari da fartanya da kibiya. Dawakin sojan suka firgita, sahu ya fashe, aka kashe Turawa 3 da soja 25, aka kwashe bindiga mai ruwan. Ran 10 ga Maris aka komo, aka kafa sahu yadda ya kamata, Satirawa suka tunkare shi a fili, aka kashe wajen mutum 2,000, aka shafe garin. A wannan karo sarakunan Sakkwato da dawakinsu suna ɓangaren Turawa. Ranakun Satiru biyu sun isa shaida: makaman ɓangarorin nan ba su sake ba tsakanin Fabrairu da Maris, abin da ya sake shi ne ran farko sahu ya fashe, ran na biyu bai fashe ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fid da magana uku. Ta farko, fifikon makami gaskiya ne, kuma bayan 1890 babu wata dabara da za ta hana Turawa cin ƙasar nan daga ƙarshe. Abin da wata dabara, kamar harin dare ko tare hanyar 'yan alaro ko faɗa cikin duwatsu, za ta iya sakewa shi ne tsawon yaƙin da tsadarsa. Ta biyu, yadda al'umma ke yaƙi hoton yadda take zaune ne. Jama'ar Shehu sun yi yaƙi a dunƙule a ƙasa domin a 1804 haka suke, babu mai doki babu mai riƙe masa linzami. Jikokinsu sun yi yaƙi a kan doki domin a 1903 mulki da haraji da girma duk a kan sirdi suke, sarkin da ya sauko daga doki kuwa ya sauko daga abin da ya sa shi sarki. Ta uku ta shafi masu nazarin tarihi. Littattafan sarakuna sun adana sunayen barade da na dawakinsu, maroƙa kuma sun adana kirarinsu, amma ɗan bakan Tafkin Kwatto da na Gwandu da na Burmi, wanda shi ne ya juya yaƙe-yaƙen nan, sai a jimla ake ambatonsa. Tarihin yaƙin ƙasar Hausa ba zai cika ba sai an bincika yadda ake haɗa dafi, da wanda ke ƙera kan kibiya, da yadda ake ciyad da runduna a tafiyar rani.

Bayan faɗuwar Haɗeja a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, doki bai sake fita fagen fama a ƙasar Hausa ba. Turawa suka mai da shi filin daba, kamar wadda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wadda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Wanda ya tsaya ƙofar fada ran hawan salla ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke sun wuce, ya ga mahaya sun zo a sukwane sun ja linzami gaban sarki sun yi jinjina, to ya ga abin da ya rage na sukuwar da aka kai a Gawakuke da Kwatarkwashi.